Kafin Kamara Akwai Dandali

Ƴaƴana na Agye da Gazawa da Gidan Rumji,

Dalilin wannan takarda wani ɗan ƙanwata ne. Bara, bayan an gama girbin hatsi, ya same ni a ƙofar gida da la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa kafin ya ce, "Kawu, so nake ka sa mini baki wajen Baba. Kano zan tafi, fim nake son shiga." Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini wani gajeren bidiyo da ya yi yana kwaikwayon maganar wani jarumi, ya kuma nuna mini yawan waɗanda suka kalla. Yaron yana da baiwa, kuma ban ɓoye masa ba. Amma na yi masa tambaya guda: "Ka taɓa tsayawa gaban mutum hamsin masu rai, tsofaffi da yara, ka riƙe su rabin sa'a ba wanda ya tashi?" Ya ce, "A'a, Kawu." Na ce to gyara zama. Abin da na faɗa masa ran nan shi nake son faɗa muku, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Cadawa har Tibiri, duk teburin mai shayin da ka zauna sai ka ji yaro yana mafarkin Kano.

Ba zan ce muku wasan kwaikwayo aikin banza ba ne. Na yi shi da ƙuruciyata, na san daɗinsa, na kuma ga yadda yake shiga inda faɗan dattijai ya kasa shiga. Tsorona ɗaya ne, kada ku nemi gudu tun ba ku yi rarrafe ba.

Ku fara sanin cewa abin da kuke nema ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Yaron da ya yi tashe da azumi, ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda yana tafiyar tsoho gida-gida, ya riga ya taɓa wannan sana'a. Haka wasan kara, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da sojansu, su ƙera bindiga da mota da karan dawa, su kwaikwayi manya a gaban manyan. Haka ƴan kama da ke kwaikwayon karatun malamai su juya shi zuwa zancen tuwo da miya. A kan wannan tushe aka ɗora abin da muka taso muna kira teyatur.

Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya a kowane gari, kuma daga 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi manyan birane. Akwai gasar waƙa, da ta rawa, da ta wasan kwaikwayo. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta ci garinta, ta ci gundumarta, sannan ta je Maradi ta kara da sauran. Mu a lokacin filin lakwal, wato makaranta, ne wurin gwajinmu, bayan sallar lisha, da fitila ɗaya a tsakiya. Ba mu da takarda. Za a zauna a ce bana a kan me za mu yi, wani ya ce tsadar aure, wani ya ce masu tafiya biɗa su bar mata da ƴaƴa ba hatsi a rumbu, wani ya ce ma'aikacin da ba ya sa hannu sai an ba shi goro. In an tsayar da labari sai a raba, kai ne Alhaji, ke ce uwargida, kai ne dogari. Maganar kuma kowa daga bakinsa take fitowa. A yi yau, a yi gobe, abin da ya zauna a riƙe shi, wanda bai zauna ba a zubar. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta bi irin waɗannan ƙungiyoyi ta rubuta littafi sukutum a kansu, ya fito a 1987, kuma abin da ya fi jan hankalinta shi ne wannan: wasa ne na zamani amma da baki ake gina shi, kamar tatsuniya. Daga cikin irin wannan tarbiyya Yazi Dogo ya fito, malamin makaranta wanda muryarsa da fuskarsa suka shiga gidajen Nijar ta rediyo da Télé Sahel. Ku tambayi iyayenku yadda unguwa kan taru gaban tele guda in an ce yau akwai Yazi Dogo.

Ku tsallaka iyaka, labarin ɗaya ne. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, amma kafin ya zama fim sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandali, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim. Turmin Danya, wanda ake lissafawa farkon fina-finan bidiyo na Hausa a 1990, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ne ta Tumbin Giwa a Kano, mutanen da suka daɗe suna wasa tare kafin su ɗauki kamara. Sunan Kannywood ma bai zo ba sai a ƙarshen shekarun 1990. Wato wannan Kanon da kuke hange, ƴan dandali ne suka kafa ta.

Mutum biyu nake son ku riƙe sunansu. Na farko Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja, kuma abin da ya gani a bariki shi ya kwaso ya kawo rediyo da talabijin a Kaduna: tsawar samanja, da Hausar bariki mai gauraye da Turanci, da yadda mai tsoratar da kurata a fili yake komawa gida ya tarar da rigimar iyali. Bai ari halin kowa daga fim ɗin wata ƙasa ba. Ya kalli mutanen da ya zauna da su ne har ya haddace su. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Na biyu Kasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu a 2017. Shi ne na Karambana, shi ne kuma a wasannin Magana Jari Ce na talabijin, waɗanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Da aka zo yin Cock Crow at Dawn, wasan Turanci na gidan talabijin na NTA a kan rayuwar manoma, sai ga shi a matsayin Uncle Gaga, Najeriya kaf ta san shi. Mutum ɗaya, harshe biyu, kuma a kowanne in ya yi shiru ma kana jin abin da yake nufi. Wannan ba ya samuwa a wata uku.

Kada ku ce ai wannan zamanin da ne, ko kuwa talaucinmu ne ya sa ake bin doguwar hanya. A Ingila, inda kuɗi da kayan aiki suka wadata, hanyar ke nan. Akwai wani ɗan wasa, David Oyelowo, iyayensa ƴan Najeriya ne, an haife shi a Oxford a 1976, ya yi wani yanki na ƙuruciyarsa a Legas kafin su koma Landan. Ya yi shekara uku a makarantar koyon wasa ta LAMDA. Daga nan ya shiga Royal Shakespeare Company, babbar ƙungiyar dandali ta ƙasar, ya fara da ƙananan matsayi, har aka ba shi Sarki Henry na Shida, ya zama baƙar fata na farko da ya fito a matsayin sarkin Ingila a babban wasan wannan ƙungiya. Sai bayan haka ya yi suna a talabijin, a wasan Spooks na BBC daga 2002 zuwa 2004. Fim ɗin da ya ɗaga sunansa a duniya, Selma, inda ya fito a matsayin Martin Luther King, bai fito ba sai 2014, alhali ya karanta labarin tun 2007, kuma mai shiryawa na farko bai ga ya dace ba. Shekara bakwai yana jira yana aiki. Abin da ya fi burge ni kuwa, bayan ya yi suna bai raina dandali ba: a 2016 ya koma ya yi Othello a New York, a 2024 ya yi Coriolanus a National Theatre na Landan. Mutumin da Hollywood ke nema ya koma yana tsayawa gaban ƴan kallo kowane dare, inda in ya yi kuskure ba mai cewa a sake. Ku tambayi kanku me yake nema a can.

Ni na san abin da yake nema, don na ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Dandali ba ya yi maka kara. Waya tana nuna maka adadin waɗanda suka kalla, ba ta nuna maka wanda ya kalla yana hamma, ko wanda ya wuce bayan ƙiftawa biyu. Amma a fili, in maganarka ba ta da gishiri, kana gani da idonka: mata za su fara hira, yara su fara kokawa, mai ƙosai ta fi ka kasuwa. In kuwa ka taɓa inda yake musu ƙaiƙayi, wani irin shiru ne zai sauka, wanda ko kukan jariri ba ya fasa shi. Na tuna daren da na fito a matsayin uba mai aurar da ƴarsa ga wanda ba ta so saboda bashi. Da yarinyar ta durƙusa tana roƙona, na juya mata baya ban ce komai ba, sai na ji wata tsohuwa a cikin taro ta ce, "Allah ya isa!" da ƙarfi, muryarta na rawa. Ba da ni take ba. Wani abu ne na shekara arba'in ya taso mata. A daren na gane cewa ba a ba mu wannan aiki don a tafa mana ba, amanar zukatan mutane ce ake ɗora mana na ɗan lokaci.

A dandali ne za ka koyi murya. Ba ihu ba, murya: yadda za ka yi raɗa amma na bayan fili ya ji, yadda numfashi zai fito daga ciki ba daga maƙogwaro ba, yadda za ka ƙarasa kalma kada ka haɗiye wutsiyarta. A nan za ka koyi jiran dariya ta lafa kafin ka ci gaba, don in ka yi magana a kanta ka zubar da maganar, ka kuma koya wa mutane su daina dariya. A nan za ka koyi abin da ya fi duka wuya, sauraro. Sabon ɗan wasa ba ya jin abokin wasansa, jira kawai yake a zo kansa. Gwani kuwa yana ji kamar bai taɓa jin maganar ba, ko da sau talatin aka gwada, shi ya sa amsarsa ke fitowa da rai. Kuma a ƙungiya za ka koyi ladabin sana'a: zuwa kan lokaci, ɗaukar benci, share fili, karɓar matsayin maroƙi mai magana biyu ba tare da kumbura fuska ba. Wanda ya iya shigowa ya ce "Salamu alaikum, ana sallama da maigida" har mutane su tuna shi washegari, shi ne za a ba Alhaji baɗi.

Sauran wuraren kowanne da halinsa, amma duk a kan wannan suke tsaye. A rediyo ba ka da fuska, ba ka da hannu, muryarka kaɗai za ta sa mai sauraro ya ga rawani ko ya ga tsumma. Rediyon karkara da ke kusa da ku makaranta ce kyauta ga mai so. Kamara kuma akasin fili ce: abin da kake buɗe hannu ka yi a dandali, a gabanta da ido kaɗai za ka yi shi, don tana ganin ƙarya tun daga ƙwayar ido. Sannan fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Ana iya ɗaukar mutuwarka da safe, a ɗauki aurenka da yamma, a sa ka maimaita kuka sau takwas saboda babur ya wuce ko zakara ya yi cara. Wanda bai taɓa ɗaukar labari daga farko har ƙarshe a jikinsa ba, a dare guda, gaban jama'a, ba zai san nauyin da ya kamata ya ba kowane yanki ba in aka yayyanka masa shi.

Akwai kuma abin da kuke da shi wanda ɗan birni ba shi da shi, kuna raina shi. Ɗan ƙanwata da ya nuna mini bidiyonsa, Hausar Kano yake yi, da irin tafiyar jarumin da yake so. Na ce masa Kano ba ta rasa masu Hausar Kano ba. Abin da ba ta da shi shi ne wanda ya san yadda dillalin aya ke tsoma hannu cikin buhu yana kushe kaya alhali ransa na so, da yadda Bagobiri da Bakatsine ke gaisawa su tsokani juna, da yadda matar da mijinta ya tafi biɗa shekara biyu take amsa "lafiya lau" in an tambaye ta. Ku je kasuwa ku zauna ku yi kallo. Ku zauna kusa da fada ranar shari'ar gona. Ku saurari kakanninku, ku riƙe kalmominsu kafin su tafi da su. Manoman ƙauyen Ɗan Saga ba su jira an kawo musu dashe daga nesa ba, kututturen da ke cikin gonarsu suka sassabe suka yi rainonsa har ya koma itace. Harshenku da mutanenku su ne kututturenku.

Yanzu maganar da ba ku son ji, ta abinci. Suna ba ya cika tukunya. Zalika Souley tana cikin matan farko da suka yi fim a Nijar. Ta fara a 1966 a fim ɗin Moustapha Alassane, ta fito a fina-finan Oumarou Ganda, har da Le Wazzou polygame wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Saboda tana fitowa a matsayin muguwar mace, wasu suka kasa raba wasa da gaskiya, suka riƙa zaginta. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, ita ma ta shiga ƙunci, kuma Rahmatou Keïta ta nuna halin da take ciki a wani fim da ta yi a kanta. Ta rasu a 2021. Ina kawo ta ne da girmamawa, don ta buɗe ƙofar da wasu ke shiga yau, kuma ba a biya ta hakkinta ba. A Kano ma kasuwar faifai da ta ciyar da mutane ta mutu, aiki ya koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, inda ake dogayen shirye-shirye kamar Daɗin Kowa, kuma masu neman shiga sun ninka gurabe. Ku lura da waɗanda na ambata: Yazi Dogo malami ne, Samanja soja ne. Kada ɗayanku ya sayar da akuyar uwarsa ko ya bar lakwal don wani ya yi masa alkawari a waya. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa ka a fim, kuɗin yake so. Riƙe gonarka, riƙe ɗinkinka, riƙe karatunka. Mai abin yi yana iya cewa a'a in an kawo masa wasan da zai zubar masa da mutunci, mai yunwa ba ya iyawa.

Ƴaƴana mata, ku taku ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Bakin mutane ya fi kaifi a kanku, masu mugun nufi kuma sun fi yawa a hanyarku. Ban ce ku bari ba, don wasan da babu mace a cikinsa rabin gari ne kawai. Amma kada wadda ta fita da dare ba da sanin iyayenta ba, kada wadda ta bi wani zuwa wani gari a kan zancen baki. Ki yi wasa inda babarki za ta iya zuwa ta zauna ta kalla. Ku kuma samari, yarinyar da ke ƙungiyarku ƙanwarku ce. Ku raka ta har ƙofar gida, ku tsare mata sunanta a bayan idonta. Ƙungiyoyi da yawa na gani sun watse, kuma ba rashin baiwa ya watsa su ba.

Ɗan ƙanwata bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya tashi ya ce, "To, Kawu, na ji," irin "na ji" ɗin da kowane babba ya san ma'anarta. Sai bayan kusan wata biyu, cikin sanyi, ya aiko ƙaninsa ya ce in zo filin lakwal bayan lisha. Na tarar sun tara su tara, maza shida mata uku, sun roƙi izinin mai gari da na shugaban makaranta, sun ɗaura zane biyu a jikin itacen bedi, sun aro fitila mai caji. Labarin wasu ƴan'uwa biyu ne da ke rigima a kan iyakar gona bayan rasuwar ubansu. Farkon bai yi kyau ba. Suna sauri, suna juya wa mutane baya, shi kansa yana ta leƙen inda abokinsa ke riƙe da waya. Amma da aka zo wurin da ƙanin ya tuge gamba da ubansu ya shuka a kan iyaka, yaron ya manta da wayar. Ya tsuguna ya ɗauki tushen gambar, ya kakkaɓe ƙasar a hankali, ya kalli ɗan'uwansa, ya yi magana da Hausar garinmu, irin ta kakansa. Mai gyaɗa ta sauke farantinta. Wani dattijo kusa da ni, wanda kowa ya san shekara nawa ba ya gaisawa da wansa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Da aka tashi, yana naɗe zane, ya zo ya durƙusa gumi na zuba duk da sanyin. Ya ce, "Kawu, mutum nawa suka tashi?" Na ce huɗu, tun da farko. Ya ce, "A ina?" Na faɗa masa wurin. Ya juya ya kira sauran ya ce gobe bayan lisha kowa ya zo, za a sake farkon.